Dutsen da Zorka Ta Sa wa Hannu

Shekara talatin da ɗaya Zorka Pavlich ta yi tana kimanta ofal, dutse mai daraja da muke haƙowa, a garinmu Lightning Ridge. Gajeruwar mace ce mai rowar magana. Ka miƙa mata dutse, ta lasa, ta juya bayansa, ta faɗa maka ramin da ya fito tun ba ka zauna ba. Takardar da ta sa wa hannu, ko a Sydney ba a ja da ita. Ni kaina na sha zaginta a zuci, don ba ta taɓa yi wa dutsena kara ba.

Dutsen sata ne kawai ba ta sa wa hannu. Ba ta tambaya, ba ta kiran 'yan sanda, turo maka abinka take yi ta kau da kai. Amma kowa ya san ma'anar wannan turowar. Mu kuwa a nan, wanda ya sauka ramin wani ba kotu muke kai shi ba.

Watan jiya aka yashe ramin tsoho Merv yana kwance a asibiti. Ranar Asabar muna layi a wurin Zorka mu shida, sai ga Stipe, ƙanen Zorka, wanda ta yi rainonsa tun rasuwar uwarsu.

"Yaya, sallame ni kafin tsofaffin nan su mutu a layi," in ji shi.

"Kai da ko tsakuwa ba ka taɓa haƙowa ba?" in ji Des, abokin Merv. Muka yi dariya.

Stipe ya ajiye baƙin ofal mai jan wuta a ciki. Zorka ta lasa, ta juya bayansa, ta daɗe tana kallo.

"A ina ka samo?"

Dariya ta ɗauke. Ban taɓa jin ta yi wa kowa wannan tambayar ba.

"A ramina mana. Sa hannu kawai, mai saye na jira."

"Je ka gida, Stipe. Ka dawo gobe."

"Haba Yaya, a gaban mutane?"

Wawan ya ɗauka idon jama'a ne zai tilasta mata. In ta turo dutsen, ta ba da ƙanenta. In ta sa hannu, ta rattaba ƙarya da sunanta. Ta ɗauki alƙalami, ta sa.

Wallahi ta ba ni tausayi, domin aikin gama ya riga ya gama, duk mun ji tambayar. Des ya mayar da duwatsunsa aljihu.

"To, ashe ku biyu ne," ya ce a hankali, ya fita.

Ɗaya bayan ɗaya muka bi shi, har da ni.

Yau kwana huɗu motar Stipe na bakin raminsa da makulli a jiki, an kuma janye tsanin da ake fitowa daga ramin da shi. Zorka na bin mu gida gida tana tambaya ko mun gan shi. Jiya ta zo nawa, na ce mata ban sani ba.