Ƙofar da Ba Ta San Yatsan Inna Ba

Mun tashi da asuba daga Cadawa, ni da ƙanwata, ko koko ba mu tsaya sha ba. Abin da ya fiddo mu waya ce daga autanmu da ke aiki a ƙasar waje. Shekara biyu ya yi yana gina wa mahaifiyarmu gida a bakin garin Cadakori. Ta tare wata uku ke nan, yanzu kuma ta kafe sai ta koma tsohon gidanmu na laka, wanda damina ta ci rabin katangarsa. "Yaya, ku je ku ba ta haƙuri," in ji shi. Na ce to, amma a raina cewa nake rikicin tsufa ne kawai.

Kaka ce, don haka motar da muka samu buhunan wake sun fi mutane daraja a cikinta. Ƙafata ɗaya bisa buhu, ɗaya ban san inda take ba har Maraɗi. A tasha muka sayi kwaɗon zogale na dala arba'in, mai sayarwa ta yayyafa ƙuli-ƙuli kamar tana ba da magani. Bayan Tibiri muka hau baburan kabu-kabu, muna ta kauce wa amalanken shanu shaƙe da dammunan hatsi. Gonaki duk an girbe, sai awaki ke kiwo cikin kara.

Gidan ba ya ɓoyuwa. Fari fat, murabba'i kamar sabulu, faranti masu zuƙar rana jere a bisansa. Ba zaure, ba dakali. Ga Inna kuwa zaune waje ƙarƙashin itacen bedi, da butarta da carbinta.

"Inna, lafiya kike zaune cikin rana?"

"Ƙofa ta hana ni shiga. Tun hantsi."

Na ce inna lillahi! Ashe ƙofar ba ta da makulli, babban yatsa ake ɗora mata. Lokacin da auta ya zo ya nuna mata yatsan Inna, hannun lafiya lau yake. Da kaka ta yi, Inna ta zauna ɓarar gyaɗar iri yadda ta saba tun tana budurwa, yatsan ya yi kanta ya tsattsage, ta kuma ɗora masa lalle. Shi ke nan ƙofa ta ce ba ta san wannan baiwar Allah ba. Sai da muka kira yaron sau huɗu kafin waya ta shiga, ya latsa wani abu daga can, ƙofa ta buɗe da kanta.

Da muka shiga, wallahi na ɗauka ɓarayi sun yi mana yasa. Falo ya kai filin sussuka, amma kujera ɗaya ce doguwa da ɗan tebur. Ko ƙusa babu a bango. Fitilu suka kama ba wanda ya taɓa su, labule ya ja kansa, ƙanwata ta ƙanƙame ni tana salati. Na kai hannu kusa da famfo, ruwa ya zubo, na yi tsalle baya. Kayan abinci duk cikin bango suke a ɓoye. Murhu babu, sai wani baƙin gilashi da ke dafa tuwo ba wuta ba hayaƙi. Kyau kam akwai shi, sanyi kamar cikin randa. Ƙoren Inna da turminta kuwa an kulle su a wani ɗaki can baya.

Na fara wa'azin da aka aiko ni da shi, Inna ta ɗaga mini hannu.

"Ke, ba zaman waje ne ya dame ni ba. In ƙofar nan ta rufe, ba na jin sallama. Aminiyata ta shekara arba'in, ranar da mijinta ya cika an aiko mini sau biyu. Suka yi ta sallama, ina ciki ina gyangyaɗi. Sai da aka dawo daga maƙabarta na ji. Da wane ido zan dube ta?"

Kunya ta kama ni. Na kira auta na faɗa masa ba ragi. Ya ce ƙofar ba ta zama a buɗe, rufe kanta take yi.

Inna ta ce, "Ku mirgino mini turmina."

Muka mirgino shi muka dasa a bakin ƙofa. Ƙofar ta taho ta buge shi, ta koma, ta sake tahowa, ta kama kuka ƙi-ƙi-ƙi. Turmin ƙirya ne, ya girme mu duka, ko gezau bai yi ba. Auta ya kashe kukan daga can. Kafin la'asar mun raka Inna gaisuwar da ta makara, aminiyar ta riƙe hannunta suka yi kukansu.

Washegari muka juyo, muka iso Cadawa da azahar, ƙura har cikin kunne. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, kafin ka gina wa tsoho gida, ka tambaye shi wa ke shigo masa. Ina sauke jaka auta ya kira, ashe akwai kamara a gidan, wai yana kallon falon ta wayarsa: mata bakwai bisa tabarmi, ɓawon gyaɗa ko'ina. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya ce, "Yaya, wata uku ina kallon gidan nan, yau na fara ganin Inna tana dariya."