Sunana Ya Maƙale a Hunkuyi

Shekara tara ina kula da janareto a siton wani kamfanin sayen hatsi a Hunkuyi. Aikin ba wuya. In an ɗauke wuta, in ja igiya kafin batir ya ƙare. Akwai wata baƙar kwamfuta a ofishin manaja, ita ke riƙe da sikeli da na'urar dangwala yatsa. Ranar da aka ɗauke ni aka ce min, kome za a yi kada ta mutu. Ban taɓa bari ba.

Da idon mahaifiyata ya tafi, sai na nemi a mayar da ni sitonmu na Ikara, don in riƙa kwana a Furana kusa da ita. Ita kaɗai ce a gidan, sai ƙanwata da ke leƙowa daga ɗakin mijinta. Wata huɗu ina bin takardar kafin a sa hannu a Kaduna. Na ɗaure katifa a bayan babur, na yi sallama da 'yan dako.

Da safe a Ikara na ɗora yatsa, na'ura ta kawo ja. Na goge a riga, ja. Na shafa yawu, ja. Akawun wurin ya duba, ya ce, "Baba, ai Hunkuyi ba ta sake ka ba. Har yanzu cewa take kai nata ne." A kamfanin nan kwana uku ba dangwale kora ce. Na juya Hunkuyi da katifata.

"A'a, Sarkin Janareto!" in ji shugaban 'yan dako. "Har ka gama Ikarar? Ko tuwonsu ne ba gishiri?"

Ban kula shi ba. Na ɗora yatsa, ta kawo kore.

Bayan sati biyu injiniyan kamfani ya zo, na tare shi a bakin mota.

"Baba, ka san mace ba ta hawa rumbu kullum," in ji shi. "Takan ɗebo a ƙwarya ta ajiye kusa da murhu. Haka kwamfutar nan. Ta ɗebo sunayen ma'aikata daga Kaduna ta ajiye a wurinta, don kada a tsaya jiran sabis."

"To ta koma rumbun mana."

"Da haka ya kamata. Amma ɓangaren da ke ajiyar ba mu muka haɗa shi ba. Na wasu ne muka ɗauko muka jona, su kuma sun daina kula da shi. Ya riƙe tsofaffin sunayen ya ƙi saki."

"Ranka ya daɗe, ni dai mene ne maganin?"

Ya waiga, ya rage murya. "A kashe ta a kunna, shi ke nan. Za ta manta kome ta ɗebo sabo. Sai dai da sabis ɗin garin nan za ta iya kwana biyu tana ɗebowa, sikeli a tsaye. Oga ya ce sai bayan kaka."

Masara ta wuce, waken suya ya shigo. Shi ma ya wuce, aka shiga shinkafa. Daga nan rabon taki. A siton nan babu bayan kaka. Ina zuwa Furana ran Lahadi kawai, in tarar Inna ta ƙone yatsa a murhu, ko ta kwana ba ruwa a buta.

Wata Alhamis da azahar aka ɗauke wuta. Manaja yana masallaci. Batir ya fara ƙara, na san bai fi minti goma zai yi ba. Na tsaya a gaban janareto, igiya a hannuna. Ba sai na yi kome ba, tsayuwar kawai ta isa.

Amma kowa ya san aikin wane ne. In ta mutu, ba Ikara za a tura ni ba, gida za a tura ni, in zauna ni da makauniya muna jin yunwa tare. Ga manoma a layi tun hantsi, wani dattijo zaune a kan buhunsa yana fifita da hula.

Na ja igiyar. Bugu ɗaya ya tashi, ɗan banza, bai taɓa ba ni kunya ba.

Na koma bayan sito inda ƙara ba ta kai sosai, na kira ƙanwata.

"Ki gaya wa Inna ba wannan watan ba."

Ta ce, "Yaya, ai ta daina tambaya."