Zaren da Baba Ya Ɗaura

A shekarar da Baba ya kawo mana ziyara Manchester, muna zaune a Levenshulme, cikin gidajen nan da ke manne da juna, waɗanda in maƙwabci ya yi tari sai ka ji kamar ka ce masa sannu. Maƙwabcinmu na dama wani tsohon Bature ne, sana'arsa kashe ɓeraye a gonakin bayan gari. Ba guba yake sa musu ba, karnuka yake sakar musu, 'yan ƙanana masu zafin nama da ake kira teriya. Yana da wata farar karya mai guntuwar wutsiya, ita ce abokiyar hirarsa.

Da za a kwantar da shi a asibiti a yi masa aikin ƙugu, karyar na da tsohon ciki, sai ya roƙe mu mu riƙe masa ita. Ni dai ban so ba. Aikina kula da tsofaffi ne gida-gida, in na dawo ko kaina ba na iya yi wa hidima, balle kare. Baba ne ya ce a kawo ta. Shi mafarauci ne tun yana saurayi a ƙauyenmu na wajen Malumfashi, amma tun da ya zo ƙasar nan ba shi da aiki sai zama bakin taga yana ƙirga motoci. Ranar da karyar ta shigo gidan na ga fuskarsa ta sake.

Ta haihu a kicin, 'ya'ya huɗu. Na kira tsohon a asibiti na yi masa albishir. Cikin muryar mai jinya ya ce in tuna, sai an rage musu wutsiya kafin su wuce kwana biyar, zai sake kirana mu shirya. Na juya na taƙaita wa Baba: "Ya ce a yanke musu wutsiya."

Baba ya gyaɗa kai yana murmushi. "Ashe su ma sun sani. Karen da zai shiga rami ai ba a bar masa doguwar jela."

Ranar Asabar na tafi suna Birmingham. Mai jegon ƙawata ce, Basakkwaciya, likitar dabbobi da ta zo ƙaro karatu. Mun taɓa zama gida ɗaya a Fallowfield, ni ina tafiya coci ita tana azumi, tukunyarmu ɗaya, kafin su koma Perry Barr da mijinta. Ina zaune bakin gadonta da farantin waina a hannu, sai na ɗauko labarin ƙwikwiyoyin don a yi dariya. Na ce mu ma an yi mana haihuwa, har wanzami muna da shi a gida. Matan ɗakin suka kwashe da dariya. Ita kuwa ba ta yi ba.

"Yaya, wa zai yanke?"

"Baba mana. Jiya ma ya sa na sayo masa reza."

"Innalillahi! Yaya, it's a criminal offence!"

Ta miƙa jaririn ga wata, ta yi min bayani dalla-dalla. A ƙasar nan an hana yanke wa kare wutsiya. An dai bar ƙofa ga karnukan aiki, irin na farauta da masu kashe ɓera, amma likitan dabbobi kaɗai zai yi, ƙwikwiyon bai wuce kwana biyar ba, kuma sai mai karen ya kawo shaidar cewa aikin za su yi, likita ya sa hannu a takarda. Abin da tsohon yake nufi da "mu shirya" ke nan. Duk wanda ya yi da hannunsa kotu ce, tara ce, har gidan yari ana iya kai mutum. Wanda ya bari aka yi a hannunsa shi ma bai tsira ba.

"Ke kuma care work kike yi," in ji ta. "In ya hau record ɗinki, shi ke nan. Kuma visa ɗinku a kan aikin nan take, ko?"

A kansa take. Tawa da ta maigidana duka. Na ajiye farantin wainar. Na kira wayar Baba, a kashe. Shi har yanzu kashe waya yake yi don kada caji ya ƙare, kamar muna ƙauye, duk da ga soket a kowane bango. Na kira maigidana, ya shiga aiki a sito, wayoyinsu a kulle suke. Ban yi wa kowa sallama ba, takalmi ma a bakin titi na ƙarasa sa shi.

Ban taɓa jin tsoro irin na cikin jirgin ƙasan da na hau don komawa Manchester ba. Ina kira, ina sake kira. Ina ganin 'yan sanda a ƙofarmu, maƙwabta sun ɗaga labule. Ina ganin an sa Baba a bayan mota, dattijon da ko ofishin 'yan sandan ƙauyenmu bai taɓa takawa ba. Ina ganin mun tattara kayanmu a jakunkuna mun koma gida, ana tambayarmu me ya faru, ni kuwa in buɗe baki in ce wutsiyar kare. Haushi ya cika ni har na rasa wanda zan zaga, Baba ne, ko tsohon, ko karyar da ta rasa lokacin haihuwa sai yanzu.

Mun wuce rabin hanya wayar ta shiga.

"Baba! Kada ka yanke!"

"Uwata, lafiya?" Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Ka yanke ne?"

"Ban yanke ba. Yanzu dai nake shiri."

"Don girman Allah kada ka yanke! Ina hanya!"

"To, na ji. Ba zan yanke ba."

Jirgin ya shiga inda babu sabis, maganar ta katse. Na jingina da kujera na yi ajiyar zuciya, har na ba matar da ke kusa da ni haƙuri kan ihun da na yi.

Na tarar da shi a kicin zaune kan 'yar kujera, rezar tana cikin takardarta ba a buɗe ba. Ƙwikwiyoyin kuwa kuka suke yi ba ƙaƙƙautawa, uwar na ta zagaye kwalin. Na leƙa. Kowace wutsiya an ɗaure ta tamau da baƙin zaren da nake kitso da shi.

"Na gane jini kike gudu, kada ya ɓata wa mai gidan hayar nan kafet," in ji Baba, yana jin daɗin dabararsa. "Shi ya sa na ɗaure. Kwana kaɗan za ta bushe ta faɗi da kanta."

"Baba, ka ɗaure musu wutsiya, mu kuma ɗaure mu za a yi!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ɗauko ƙaramin almakashi ina kuka ina yanke zaren, ina gaya masa abin da ƙawata ta ce. Uku suka saki ba matsala. Ta huɗun ta kumbura, bakinta ya yi duhu, ga sanyi. Abin da ya fara zo min shi ne mu yi shiru, mu rufe ƙofa, wa ya gani? Baba ya daɗe yana kallon ƙwikwiyon. Sai ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito cikin babbar rigarsa ta zuwa coci da hula.

"Ɗauko kwalin," ya ce. "Amana aka ba mu."

Muka shiga tasi zuwa wani asibitin dabbobi a kan Stockport Road. Likitar matashiya ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗaga wutsiyar ta ga zoben da zaren ya bari, ta duba sauran ukun, sannan ta dube ni ta tambayi wanda ya yi wannan. Na waiwayi Baba.

"Me ta ce?" in ji Baba.

"Tana tambayar wanda ya yi."

Ya matso gaban teburin. Ya haɗa hannayensa biyu ya miƙa mata, kamar yadda yake gani ana yi a talabijin in za a sa ankwa.

"Uwata, gaya mata ni na ɗaura. Ke ba kya ma garin. In ɗauri ne, ni za a ɗaure. Ta bar miki aikinki."

Na fassara mata ina shessheƙa, ban rage ko kalma ba, na haɗa har da labarin wayar da na yi da mai karnukan. Ta tsaya tana kallon hannayen nan masu kanta. Can ta ce in gaya masa ya sauke su. Ta ce jini ya fara komawa wutsiyar, mu dawo da shi ranar Litinin. Ta ce za ta rubuta abin da ta gani da abin da muka faɗa, kuma kada wani ya sake taɓa su. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce za ta kai ƙara ba. Haka muka fito da abin a zukatanmu.

Kwana biyar ɗin suka wuce tsohon yana kan gadon asibiti, don haka dukansu huɗun da wutsiyarsu suka girma. Da ya dawo na gaya masa komai. Ya yi 'yan gunaguninsa, ya kwashi karnukansa. Na yi watanni in aka ƙwanƙwasa ƙofa sai na leƙa ta labule kafin in buɗe, ko da mai kawo saƙo ne. Baba bai sake shiga kicin ɗin ba sai in zai sha ruwa, ya koma bakin tagarsa har ranar da ya tafi gida.

Na huɗun nan shi tsohon ya riƙe wa kansa. Yana nan, in na fito shanya sai ya leƙo ta shinge yana kaɗa min jela, da zoben da gashi bai sake fitowa a wurin ba. Baba kuwa yana kirana duk Lahadi bayan an tashi daga coci. Na sha gaya masa maganar ta wuce. Amma kafin ya tambayi lafiyata, sai ya rage murya ya ce, "Uwata, ba wanda ya zo dai, ko?"