Iznin da aka tsaya jira a Badarawa

Ana sallame sallar asuba muka bar Gusau, mu uku mata da direba. Wata mai kamawa zan je wani taro a ƙasar waje, inda mata masu addini, Musulmi da Kirista, za su tattauna haƙƙin mata. Tunda aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ake ta yi da mu a gidajen rediyon waje, ni kuma abin yana ci mini rai. Niyyata in je in faɗa musu Musulunci ya ba mace haƙƙinta tun kafin su san kalmar. Sai dai na ga ya kamata in fara jin bakin matan karkara.

Mun wuce Kasuwar Daji ana ta sauke buhunan gero, ranar kasuwa ce. A Kaura Namoda muka karya da koko da ƙosai kusa da tashar jirgi. Mata na tsaitsaye bakin titi da goyo suna jiran mota, 'yan acaɓa na wuce su ba ko waiwaye, domin yanzu wanda aka kama ya ɗauki mace bulala zai sha.

A Zurmi mata sun cika mana tsakar gida. Na yi jawabina da ayoyi da hadisai, har ina jin daɗin kaina. Wata tsohuwa ta ce idan na je ƙasar Turawa in tambayo mata ko tiyar gero ta fi araha a can. Muka yi dariya, muka sha fura, muka juyo.

Bayan azahar muka isa Badarawa, a hanyar Shinkafi. Ban ko buɗe baki ba ungozomar garin ta ja ni gefe, ta kai ni wani gida. Wata matar aure ce kwance, mai cikin fari, tun jiya take naƙuda. Kunyar haihuwar fari ta hana ta ko nishi mai ƙarfi, shi ya sa ba a gane ta jigata ba sai da jini ya ɓalle. Da safe an nemi ɗan acaɓa, ya ce yana tsoron bulala. Mijin kuwa ya tafi Kasuwar Daji tun da duhu.

Na ce ga mota, a ɗauko ta. Uwar mijin ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ba ta hita sai da iznin maigidanta," in ji ta.

Na ce mata addini bai ce a bar rai ya salwanta don jiran izni ba, alhakin ya hau wuyana.

"Malama, ke Gusau za ki koma. Ni ka zama da ɗana."

Raina ya ɓaci, amma na ga tsoro ne a idonta, ba mugunta ba. Sai da aka kira liman daga gona. Yana zuwa ya ce maza a tafi da ita, amma la'asar ta riga ta yi.

Kanta na bisa cinyata, direba na kaucewa ramuka. Ta riƙe hannuna, har lokacin ba ta yi kuka ba. Muna hango gidajen Shinkafi hannun ya saki. Ita da abin da ke cikinta, duka. Muka juya da gawa.

Liman ya roƙe mu, tunda hanyarmu ce, mu sanar da mijin. Mun same shi a Kasuwar Daji dab da magariba, yana ɗaure kaya a bayan babur, har da sabon zanen goyo. Direba ya ja shi gefe ya faɗa masa. Ya juyo ya dube mu.

"Mi anka tsaya jira? Wa yac ce a jira ni?"

Muka koma mota.

Da dare muka shigo Gusau. Har yanzu ina nan a kan cewa addinina ya ba mace haƙƙinta. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne haƙƙin bai isa ƙofar ɗakin nan na Badarawa ba, kuma laifin namu ne. A taron zan karanta ayoyina, sannan in ba su labarin matar nan, da tambayar mijinta.