Mai Waƙar 'Yan Walƙiya

A saman gidanmu na unguwar Ruwais a Jidda kakata take hura gawayin shayi bayan magariba, mu jikoki mu kewaye ta. Sitti muke ce mata. Duk tatsuniyoyinta da "ga ta nan, ga ta nanku" suke farawa, ban da guda ɗaya. Ita wannan haka kawai take shiga cikinta, tana fifita wuta.

Labarin wasu samari biyar ne a Kano, 'Yan Walƙiya, masu wando mai faɗin ƙafa da gashi kamar kwando. Da jitar aro suka fara a gidajen biki, daga baya suka koma otal-otal na Sabon Gari suna kiɗan disko da fonk. Ba su yi suna ba sai da wata yarinya ta shigo tana musu waƙa. Suka je Legas suka yi faifai biyu, har Yamai aka gayyace su. Sai mai ganga ya yi fushi ya fice, yayin disko ya wuce, aka watse. Yarinyar ta zo Hajji da yayanta, ba ta koma ba.

A nan Sitti takan dakata ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To, ba mai tambayar sunanta?"

Mu kuwa sai mu ce, "Halas ya Sitti, ya isa haka, yalla, a yi mana ta Gizo."

Sai ta zuba shayi, ta yi mana ta Gizo.

Mu haifaffun Jidda ne, Hausarmu ta tsintuwa ce. Ba wanda ya gaya mana cewa labarin da ba a buɗe shi haka ba, ba a kuma rufe shi da ƙurunƙus ba, ba tatsuniya ba ne.

Ranar makokin Sitti wata tsohuwa 'yar Nijar ta kira ni gefe ta nuna min waya. Hoton bangon faifai ne: samari biyar, Sitti a tsakiya, kai ba ɗankwali, tana dariya. Washegari na nemo wata waƙarsu na kunna a mota, a hanyar masana'antar da nake aiki. Na jira kuka, bai zo ba. Gaskiya ban ji komai a raina ba. Kiɗi ne mai daɗin rawa da muryar wata yarinya da ban sani ba.

Har yau ban san ko nadamar waƙa take yi ko kewarta ba. Ta sha ba mu damar tambaya, mu kuwa so muke kawai a ba mu dariya.