Gidan da Baba ya zaɓa mana a bakin juji

A shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da takin zamani ya yi ɓatan dabo har manomi ya fi murnar ganin kashin akuya a kan ganin baƙo, aka ɗauke ni daga firamaren ƙauyenmu aka mai da ni Gezawa. Kullum a keke nake zuwa, in isa aji ina haki kamar an koro ni. Na gaji, na ce gara in kama haya a can, in ɗauke maiɗakina da 'yarmu. Sai dai a gandun Baba nake, kuma a gidanmu ba wanda ya taɓa fita da iyalinsa. In bai sa albarka ba, ba inda za ni.

Ni ne ɗan farinsa, saboda haka ba ya faɗin sunana, ba ya kuma yi mini magana kai tsaye in da wani a wurin da za a bi ta kansa. Na tura ƙaninsa da maganar. Amsar da ta dawo ita ce zai je ya ga unguwannin da idonsa.

Ran kasuwa muka tafi, shi a kan jaki, ni ina tura keke a baya. Wani dillalin gidaje mai bakin tsiya ya fara kai mu unguwar ma'aikata, kusa da titi. Ga famfo, ga turakun lantarki, tsakar gida an shafe da siminti. Ni dai har na zaɓi inda zan kafa gado. Baba ya ƙwanƙwasa simintin da sandarsa, ya ce wa dillali, "Wa ya kashe wannan ƙasar?"

"Baba, ai gyara ne."

"A ina suke ɗaure awaki?"

"Nan ba a kiwo, Baba. Mutanen ofis ne."

"To toka da shara fa, ina ake kai su?"

Dillali ya gyara tsayuwa, ya ce ai unguwar nan tsaf take, komai ƙonewa ake yi. Baba ya yi salati kamar an gaya masa mutuwa, ya fita ya hau jakinsa.

Unguwa ta biyu ta malamai ce, bayan masallacin Juma'a. Na ce nan kam an gama, don Baba da malamai ba ka jin kansu. Ya gaisa da kowa, ya sha addu'a, sannan ya zagaya bayan gidaje ya tarar da jujinsu ɗan mitsitsi, an kankare shi har ƙasa. Ya dawo yana girgiza kai. "Mutanen kirki ne," in ji shi, "amma an riga mu."

Gida na uku dillali bai so nunawa ba, Baba ne ya hango shi. Yana bayan kara, inda ake cinikin shanu, kuma jujin da ke gabansa ya fi katangar tsawo, har da awaki a kwance a samansa. Tsohon da ke kukan gwiwa in zai tashi daga buzu, sai ga shi ya haye jujin nan ba ko sanda. Ya dumbuzo, ya murje a tafin hannu, ya sansana kamar mai sayen turare. Daga can sama ya ce, "Nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa dillali, "Ka gaya wa Baba akwai ƙuda."

Dillali ya ɗaga kai ya faɗa masa, alhali Baba ya ji da kunnensa.

"Ka gaya masa ƙuda ba ya zama inda babu arziki," in ji Baba.

"Ka gaya masa akwai wari."

"Ka gaya masa in ba nan ba, ya ci gaba da taka kekensa."

Haka muka tare. Da maiɗakina ta ga wurin, ta ajiye ƙullin kayanta ta ce, "Malam, duk faɗin garin nan, nan idonka ya tsaya?" Na ce ba idona ba ne. Abinci sai da faifai biyu take rufe shi. Abokan aikina kuwa suka huta da tambayar kwatance, suna cewa hanci kawai ake bi.

Daga nan duk ran kasuwa sai ga Baba da jakinsa. Ya sauke ɗan gero ko gyaɗa a zaure, wai don kada jaki ya saba tafiya ba kaya, ya cika mangala da takin juji, sannan ya zauna a inuwar ƙofa. Ciki dai ba ya shiga. Jikarsa ce ke kai masa ruwa, ya yi ta tsokanarta yana cewa ya sake ta tunda ba ta iya tuwo ba, can kuma ya ɗaga murya ya ce, "Ke, ana cin abinci kuwa a gidan nan? Na ga wani ya rame." Ina daga zaure ina ji, ina ƙunƙuni a raina cewa an sayar da hancina saboda gonar gero.

Da damina ta faɗi na je ƙauye taya su noma. A bayan dangar gidanmu na ga tulin takin nan, tsibi guda, ciyawa har ta fito a kai. Na tambayi ƙanin Baba me ake jira ba a kai gona ba.

"Wannan? Ai duk leda ce da fasassun kwalabe da mataccen batir. Tun kayan farko ya ce ba za a zuba masa shi a gona ba."

"To me ya sa yake ta ɗaukowa?"

Ya dube ni kamar bai taɓa ganin wawa irina ba. "Kai da karatunka. In ba taki zai ɗauko ba, da wane dalili zai je ƙofar ɗan farinsa?"

Kunya da tausayi suka rufe ni. Ran kasuwar da ta biyo, yana sauka na ɗauko shebur na hau jujin, na cika masa mangalar har tana zuba. Bai dube ni ba, bai kuma hana ni ba. Ya zauna a ƙofar har la'asar.