Durƙuson Ɗanliti

Duk wanda ya taɓa sarin goro a Agege ya san ɗaurin Malam Ɗanliti, ko da bai san fuskarsa ba. Huhun da ya ɗaure, ko mota ta kwana uku a hanya, goron zai isa Sakkwato da sanyinsa, ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba. Aikin kuwa mutane suna ɗauka na hannu ne, alhali na gwiwa ne. Sai an shimfiɗa ganyen fita, an zuba goro, an rufe, an naɗe da buhun algarara, sannan mai ɗauri ya ɗora gwiwarsa ta dama ya danne, ya ja igiya har sai ta yi ƙara. Shekara arba'in Ɗanliti ya yi yana wannan. Daga wani ƙauye na ƙasar Gumel ya zo yana ɗan shekara sha tara, da niyyar cin ranin wata huɗu. Har yau bai ce ya fasa komawa ba.

Wanda ya karɓe shi Alhaji Yusha'u ne, babban dillalin goro a lokacin. Shi ya ba shi wurin kwana, shi ya koya masa ɗauri, shi ya tsaya masa har ya auri Safinatu, haifaffiyar Agege, wadda Hausarta da Yarabancinta suke fita ta ƙofa ɗaya. Tun ranar farko Ɗanliti ya kafa wa kansa doka: kullum bayan an fito masallaci da asuba zai bi ta gidan Alhaji, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa har ƙasa, ya ce barka da kwana. Ba wanda ya sa shi. A wancan zamanin ma sai ya jira layi, don fatake da direbobi da yaran rumfa duk suna gaba. Sannu a hankali kasuwa ta koma hannun 'ya'ya, idon Alhaji ya dushe har ya rufe, masu gaisuwa suka koma bugo waya. Ɗanliti dai bai sauya ba. Sabo turken wawa, in ji Safinatu, kuma a gabansa take faɗa.

Gwiwar ta soma magana yana da shekara hamsin da biyar. Ya ce sanyi ne, Legas ai gari ne na ruwa. Ya shafa man zafi, ya shafa man kaɗanya, ya sha jiƙon da wata mai agbo ta rantse masa ya tayar da kakanta. Da ya kai sittin ɗauri ya gagara, ya koma zama a bakin rumfa yana duba na wasu yana tsaki. Salla ma ta koma kan kujera, bayan liman ya zaunar da shi ya karanta masa cewa Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame. Ɗanliti ya karɓi rangwamen Allah da godiya. Amma bai ji inda Alhaji Yusha'u ya yi nasa rangwamen ba, shi kuma ba zai tambaya ba.

Masu iya magana sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ka tashi da tsawonka. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin Ɗanliti yana neman tashi ba. Sauka mai sauƙi ce, nauyin jiki ne ke yin ta. Tashin ne sai ya dafa bango, ya dafa ƙasa, ya cije leɓe, duk kuma cikin shiru don kada tsohon ya ji.

Nan ne wani mai kemis na kusa da layin dogo ya shigo rayuwarsa. Haɗi yake bayarwa, ƙwaya biyar a ƙulle cikin 'yar leda: ja biyu, fari biyu, da wani ɗan ƙarami. Ɗanliti ya gano cewa in ya haɗiye su kafin ya shiga masallaci, to kafin a yi sallama a fito, ya taka a hankali zuwa gidan Alhaji, gwiwar ta yi barci. Ba ya karyawa sai ya dawo, don haka a cikin wofi suke sauka. Da farko ƙulli ɗaya ne a rana. Daga baya ya zama biyu, saboda la'asar ma tana da nata. Shekara uku ana haka. Fuskarsa ta cika ta yi suntum, abokan kasuwa suna ta ce masa hutu ya karɓe shi. Da cikinsa ya soma zafi sai ya sha kanwa. Da bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin sai ya ce wannan ba zancen da dattijo zai yi da kowa ba ne.

Wata Talata da hantsi ya miƙe daga benci zai nuna wa wani yadda ake zarge igiya, sai ganinsa aka yi a ƙasa. Leda biyu na jini aka ƙara masa a asibiti. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, likitar ta tsare shi da tambaya. Bayarabiya ce, doguwa, ba ta dariya. Yarabancin Ɗanliti kuwa na ciniki ne, ya ƙare a kan farashi da zagi, don haka Safinatu ta zama tafinta. In likita ta faɗi kalma uku, Safinatu ta fassara da goma.

"Ta ce wane magani kake sha?"

"Na gwiwa."

"Ta ce sunansa. Sebi magani yana da suna?"

"Ja biyu, fari biyu, da ɗan ƙarami."

Aka kawo ƙullin da ya rage a aljihunsa, likita ta baje shi a tebur. Ashe uku daga ciki magani ɗaya ne, riga kawai suka sauya. Irinsa yana kashe zafi sosai, amma in aka daɗe ana sha, balle a cikin wofi, yana huda ciki yana gajiyar da ƙoda. Ɗan ƙaramin kuma shi ya kumbura masa fuska. Ta ce daga yau ba shi ba haɗi. Ta rubuta masa farasitamol da adadin da ba zai wuce ba a rana, da na shafawa, da maganin gyambon ciki, ta ce duk bayan 'yan watanni a duba jininsa. Sannan ta ɗaga hoton gwiwar a fitila. Ɗanliti ya duba ya gane da kansa, don ya sha fasa goron da sankara ta cinye ta ciki alhali bayansa lafiya lau. Guringuntsin ya ƙare, ƙashi ne ke gugar ƙashi. Ta ce akwai aiki, a cire kan gwiwar a sa na ƙarfe. Zai yi tafiya, zai hau bene, zai yi barci ba zogi.

Tambaya ɗaya ya yi. "Zan iya durƙusawa har ƙasa?"

Likita ta girgiza kai. Wannan karon Safinatu ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Wata takwas ya yi yana ja da baya. Yana zuwa gaisuwarsa da farasitamol kaɗai, yana dawowa gida riga jiƙe da gumi. Rannan babbar 'yarsa Kalsum, mai sayar da atamfa a Ikorodu, ta zo ta ɗauki hularsa za ta wanke, sai ga ƙulli ya faɗo daga cikin naɗin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye shi a gabansa ta ce, "Baba, ƙoda biyu gare ka, kuma likita ta ce sun riga sun gaji. Zaɓi ɗaya, ko aikin, ko mu soma shirin wankin ƙoda." Ya ji kunya ƙwarai, irin wadda bai taɓa ji a gaban ɗan da ya haifa ba. 'Ya'ya da 'yan ƙungiyar goro suka haɗa abin da ya samu, aka sa rana a wani asibitin ƙashi.

Alhaji Yusha'u kuwa aika masa aka yi cewa Ɗanliti na fama da taifot. Ɗanliti ne ya tsara wannan ƙaryar da kansa, yana kwance ana shirin shiga da shi. A ganinsa, ka ce wa mutum gwiwarka ta lalace a ɗaurin goronsa, ai kamar ka kai ƙararsa ne.

Aiki ya yi kyau. Gashin ƙashin da ya biyo baya ne bai yi masa kyau ba: wani ƙato mai fara'a yana lanƙwasa masa ƙafa yana cewa saura kaɗan, Baba, saura kaɗan, Ɗanliti yana kiran sunayen Allah ɗaya bayan ɗaya. Bayan mako bakwai ya soma taka ƙasa da sanda, gwiwar tana lanƙwasuwa daidai zaman kujera da ɗan ƙari. A nan ta tsaya. Zogin da ya yi shekara tara yana kwana da shi ya tafi, sai wani sabon ciwon kai ya maye gurbinsa. Yaya zai gai da Alhaji? Ya tsaya a kansa kamar ɗan sanda? Ya ja kujera ya zauna kafaɗa da kafaɗa da shi? Ko ya zube a ƙasa ya miƙe wa ubangidansa ƙafa? Duk ukun rashin kunya ne, sai dai wani ya fi wani.

"To ka yi dobale mana," in ji Safinatu. "Yadda Yarabawa suke kwanta wa babba. Ƙafa a miƙe take, gwiwa ba ruwanta. Abi?"

"Ni? A shekaruna?"

"Ga ka nan ai a shekarun naka."

Ya ce Allah Ya kiyaye. Da ta fita kasuwa ya kulle ƙofa ya gwada. Saukar ta yiwu da taimakon gado. Sai da ta dawo bayan azahar, ta leƙa ta taga, aka kira makwabci ya ɓalle sakata, suka ɗaga shi su biyu. Ba a sake ta da zancen ba a gidan.

Ranar wata Asabar ya yi wanka, ya sa farar riga, ya ɗauki sandarsa. Ba shi da wata dabara. Tsoro ne fal cikinsa, don ya san makaho ba ya ganin durƙuso amma yana jin inda murya take fitowa. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Alhaji yana zaune a kan 'yar katifarsa, ya jingina da bango, ba hula, carbi a hannu.

"Salamu alaikum. Barka da kwana, Alhaji."

Tsohon ya juyo da fuskarsa ƙasa-ƙasa, inda ya saba. Sannan ya ɗaga ta sama a hankali.

"Ashe dai dogo ne kai. Na manta."

"A gafarce ni, Alhaji. Ƙafar ce ta ɗan..."

"Taifot ɗin ne ya sauka ƙafa? Matso."

Ɗanliti ya matsa. Alhaji ya laluba ya kama gwiwar ta saman wando, ya bi tabon da yatsa tun daga sama har ƙasa. Ya ɗan ƙwanƙwasa.

"Ƙarfe?"

"Ƙarfe ne da roba."

"Ɗinkin ba laifi."

A waje wani mai keke yana ta danna oda. Sai Alhaji ya yi magana, ba tare da ya sauya murya ba, kamar mai faɗin farashin kaya.

"Shekara huɗu ina ƙirga numfashinka in za ka tashi. Da farko uku ne. Bara sai da ka kai sha ɗaya. Na san da kemis ɗin, har warin maganin ina ji a bakinka. Magana ɗaya ce zan yi, in ce Ɗanliti tsaya abinka. Kullum in na ji takunka a soro sai in ce yau zan faɗa. Sai ka durƙusa, sai in ji har yanzu ni ne Yusha'u. Sai in bar wa gobe."

Abin da ya taso wa Ɗanliti haushi ne, haushi na gaske, wanda bai taɓa sanin yana iya ji game da wannan mutum ba. Ya tuna jinin da aka ƙara masa, ya tuna fuskar Kalsum. Tausayi kuma ya biyo baya ya cakuɗe da haushin, har ya rasa wanne zai haɗiye.

"Ka yafe mini," in ji Alhaji.

Shekara arba'in da biyar bai taɓa jin wannan kalma daga bakin nan ba. Jikinsa ya san amsa ɗaya tak ga irin wannan, gwiwar hagu har ta soma sauka, ta daman ta ƙi. Ya dafe sanda ya miƙe.

"Allah Ya yafe mana baki ɗaya, Alhaji."

"Ba Allah na tambaya ba. Shi zan tambaye Shi daban. Kai na tambaya."

Mai keken waje ya gaji ya wuce.

"Na yafe," in ji Ɗanliti.

Alhaji ya gyaɗa kai, amma bai saki gwiwar ba. Ya riƙe ta da hannu biyu. Ɗanliti ba shi da yadda zai yi ya tafi, sai ya gyara tsayuwa ya jira. Daga nan sama yana kallon tsakar kan ubangidansa, gashin ya ƙare sarai, ga wasu 'yan jijiyoyi suna motsi a ƙarƙashin fata. Bai taɓa sanin tsohon ɗan ƙarami ba ne haka.